Kwali babu aiki, bashi babu mai yafewa: halin da iyayen ɗalibai ke ciki daga Poli zuwa Garwa

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar BAC ya fito a tsakiyar damina, wata kasuwa ce ke buɗewa a arewacin Kamaru. Takardun tallar makarantun gaba da sakandare masu zaman kansu sai su cika tashoshin mota na Garwa, a manna su a jikin katanga da turakun lantarki, a yi ta yaɗa su a Facebook da zaurukan WhatsApp. Alkawuran kusan iri ɗaya ne: karatu na shekara biyu, kwalin da gwamnati ta amince da shi, horo a asibiti ko a kamfani, sannan aiki yana jira.

Waɗannan takardu suna isa har Poli, hedikwatar gundumar Faro, mai nisan fiye da kilomita 100 kudu da Garwa. A can babu jami'a, babu ofishin ma'aikatar ilimi mai zurfi da uba zai shiga ya yi tambaya. Abin da ke hannunsa shi ne takardar talla da maganar wanda ya kawo ta. Idan ya gamsu, sai ya sayar da bijimin huɗa, ko ya ɗauki adashi, ko ya ci bashi a kan audugar da bai tsinka ba, ya tura yaro birni.

Da yawa daga cikin waɗannan makarantu suna aiki bisa ƙa'ida, kuma sun rufa wa dubban matasa asiri. Amma akwai waɗanda ke karɓar ɗalibai a fannin da ba a ba su izinin koyarwa ba, ko su ba da kwalin da babu hukumar da za ta karɓe shi. Idan gaskiya ta fito bayan shekara biyu ko uku, tambayar da ke tasowa ita ce: wa zai ɗauki asarar? A Amurka an yi shekaru ana wannan muhawara, har gwamnati ta yafe biliyoyin daloli na bashin ɗaliban da makarantun kuɗi suka yaudara. A Poli kuwa bashin yana nan, amma babu wata ƙofa da za a ƙwanƙwasa a nemi yafiya. Dalilin wannan bambanci shi ne abin da ya kamata kowane mai ɗa a makaranta ya fahimta.

Yadda aka zo nan

Kafin 1993, ɗalibin jami'a a Kamaru yana karɓar alawus daga gwamnati. A watan Janairun shekarar aka yi wa ilimi mai zurfi garambawul: aka raba jami'ar Yawunde, aka kafa jami'o'in gwamnati shida ciki har da ta Ngaundere, aka daina biyan alawus, aka sa wa kowane ɗalibi kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara. Har yau wannan adadi ne ake biya a tsangayoyin jami'o'in gwamnati. Abin da ba a kafa ba shi ne tsarin lamunin karatu na ƙasa. Tun daga lokacin, nauyin karatun yaro ya koma wuyan iyali kacokan.

A 2001 aka yi dokar da ta tsara ilimi mai zurfi, mai lamba 005 ta 16 ga Afrilu, wadda ta buɗe wa 'yan kasuwa da ƙungiyoyin addini ƙofar kafa manyan makarantu, waɗanda ake kira IPES a taƙaice. A yau ana ƙirga su da ɗaruruwa, alhali jami'o'in gwamnati 11 ne kacal. Wata sabuwar doka ta maye gurbin ta 2001 a watan Yulin 2023.

Arewa ta daɗe tana baya a wannan fanni. Shekara da shekaru jami'ar Ngaundere ce kaɗai a dukkan jihohin arewa uku. Ta Marwa sai a 2008 aka kafa ta, ta Garwa kuma sai a watan Janairun 2022. Ko da an samu gurbi a jami'ar gwamnati, iyaye da yawa sun ga 'ya'yan maƙwabta sun gama digiri a fannin shari'a ko tarihi sun dawo gida suna acaba. Shi ya sa idan aka ce musu ga karatun jinya, ko na akanta, ko na harkar banki, shekara biyu kawai kuma da aiki a ƙarshe, sai zuciya ta karkata can, ko da kuɗin ya ninka na jami'ar gwamnati sau da yawa. Wannan buri na gaskiya ne, kuma shi ne jarin mayaudari.

Inda yaudarar take ɓuya

Ba kasafai mai makaranta ke yin ƙarya tsagwaronta ba. Abin da ya fi yawa shi ne ya faɗi rabin gaskiya. A tsarin Kamaru, izinin makaranta hawa-hawa ne. Akwai izinin kafawa, akwai izinin buɗewa, sannan akwai matakan amincewa na gaba da ake kira agrément da homologation. Izinin buɗewa kuma yana zayyana fannonin da aka yarda a koyar, ɗaya bayan ɗaya. Makaranta na iya riƙe da takardar gaske mai hatimin minista ta koyar da akanta, sai ta buɗe ajin jinya ko na gwaje-gwajen asibiti ba tare da an ƙara mata izini ba. Uban da aka nuna wa takarda mai hatimi, da Faransanci mai wuyar fassara, ba zai gane cewa fannin da ɗansa ya shiga ba ya cikinta ba.

Haka batun kwali yake. BTS da HND jarrabawa ce ta ƙasa wadda ma'aikatar ilimi mai zurfi ke shiryawa. Makaranta koyarwa kawai take yi, ta gabatar da ɗalibanta. Idan ba ta da izinin fannin, ko dai ɗaliban su rasa zama jarrabawar, ko a ɓoye su a ƙarƙashin sunan wata makaranta, abin da kan iya tonuwa a kowane lokaci. Digirin lisans da na masta kuwa, yawancin makarantu masu zaman kansu suna bayar da su ne a ƙarƙashin kulawar wata jami'ar gwamnati, bisa yarjejeniya a rubuce. Idan babu yarjejeniyar, ko ta ƙare ba a sabunta ba, abin da ɗalibi zai fita da shi takardar cikin gida ce, ba za ta shigar da shi gasar ɗaukar ma'aikatan gwamnati ba.

Fannin lafiya ne ya fi kowanne tarko, kuma shi ne iyayen karkara suka fi so, musamman ga 'ya'ya mata. A nan ma'aikatu biyu ne ke da hannu. Ma'aikatar lafiya tana da nata makarantun da nata jarrabawar shiga, ita ke ba da shaidar ma'aikacin jinya ta ƙasa. Ma'aikatar ilimi mai zurfi kuma ta bai wa makarantu masu zaman kansu damar koyar da fannonin lafiya a matakin BTS da HND. Shekaru aka yi masu riƙe da kwalin kashi na biyu suna kokawa cewa ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta ƙasa ba ta yi musu rajista kai tsaye, alhali sai da rajistar ake aiki bisa doka. Sai a 2024 ma'aikatun biyu suka zauna suka amince a riƙa shirya wa irin waɗannan ɗalibai jarrabawar tantancewa ta ƙasa. Tun kafin nan, a 2013, gwamnati ta taƙaita makarantun da ke da ikon horar da likitoci ta kuma kafa jarrabawar shiga guda ɗaya, matakin da ya bar ɗaliban makarantun da ba a amince da su ba cikin tsaka mai wuya, bayan iyayensu sun riga sun kashe kuɗi mai yawa.

A duka lokutan biyu gyaran ya zama dole, domin rayukan marasa lafiya ba abin wasa ba ne. Amma a duka lokutan biyu, an yi maganar makomar kwali, ba a yi maganar mayar wa iyaye kuɗinsu ba.

Abin da ya faru a Amurka

Don a ga yadda wata ƙasa ta tunkari irin wannan matsala, yana da kyau a duba labarin kamfanin Corinthian Colleges, wanda ya mallaki makarantun Everest, Heald da WyoTech. A lokacin da yake tashe, wajajen 2010, yana da ɗalibai fiye da 110,000 a rassa sama da 100. Yawancinsu talakawa ne, da mata masu renon 'ya'ya su kaɗai, da tsofaffin sojoji. Kusan duk kuɗin da kamfanin ke samu daga lamuni da tallafin karatu na gwamnatin tarayya yake fitowa: gwamnati ta biya makaranta, ɗalibi ya fita da bashi a wuyansa.

Bincike ya nuna cewa makarantun sun riƙa kumbura alƙaluman waɗanda suka samu aiki bayan kammala karatu. An samu inda aka biya kamfanonin ɗaukar ma'aikatan wucin gadi su ɗauki tsofaffin ɗalibai na 'yan kwanaki don a rubuta cewa sun samu aiki, da inda aka lissafa mai aiki a gidan abinci a matsayin wanda ya samu aiki a fannin da ya karanta. Kamala Harris, lokacin tana babbar lauyar jihar Kaliforniya, ta kai kamfanin kotu a 2013. A watan Afrilun 2015 ma'aikatar ilimi ta ci tararsa dala miliyan 30, kuma kafin watan ya ƙare ya rufe sauran makarantunsa, ɗalibai kusan 16,000 suka wayi gari babu aji.

Watanni biyu kafin rufewar, tsofaffin ɗalibai 15 sun fito fili sun ce ba za su ƙara biyan ko sisi ba. Hujjarsu wani sashe ne na dokar ilimi da aka yi tun farkon shekarun 1990 wanda kusan an manta da shi, wanda ya ce mai bashin karatu na iya ƙin biya idan makarantar ta yaudare shi. Daga 15 suka zama ɗaruruwa, takardun koke suka kai dubbai. Ba a samu biyan buƙata nan take ba. Gwamnatin Donald Trump ta farko ta jinkirta duba koke-koken, har ɗalibai suka shigar da ƙarar haɗin gwiwa a 2019. Sai a ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Joe Biden ta soke bashin duk wanda ya yi karatu a Corinthian: mutum 560,000, dala biliyan 5.8. Idan aka juya shi zuwa sefa, ya haura rabin kasafin kuɗin Kamaru na wannan shekarar. A watan Agusta aka yi wa ɗaliban ITT Technical Institute 208,000 irin wannan, na dala biliyan 3.9, kuma ƙarar haɗin gwiwar ta ƙare da sulhun da ya shafi mutum kusan 200,000.

Abu uku ne suka sa hakan ya yiwu. Na ɗaya, mai bin bashin guda ne, wato gwamnati, kuma tana da ikon ta ce ta yafe. Na biyu, akwai doka a rubuce da ta haɗa laifin makaranta da bashin ɗalibi. Na uku, komai yana kan takarda: wa ya ci bashi, nawa, a wace makaranta, a wace shekara. Duk da haka sai da aka yi shekara bakwai ana gwagwarmaya.

Bashin Poli ba shi da ofis

Babu ko ɗaya daga cikin abubuwan nan uku a gundumar Faro. A ƙaddara wani manomi ne a ƙauyen da ke kusa da Poli, 'yarsa ta ci BAC, ya sa ta a makarantar kuɗi a Garwa. Kuɗin shekarar farko daga sayar da sa ya fito. Na hayar ɗaki da abinci, matarsa ce ta ɗauki adashi tun kafin zagayenta ya zo. A shekara ta biyu ya karɓi rance a wurin ɗan kasuwar da ke sayen masararsa da gyaɗarsa, da sharaɗin zai biya da buhu idan kaka ta yi, a farashin da mai kuɗi ya yanka. Ragowar ya fito daga hannun ƙaninsa mai tireda a Ngaundere. Masu bin bashi huɗu ke nan ko biyar, kuma babu wanda ya yaudari kowa a cikinsu. Su ma talakawa ne masu jiran kuɗinsu.

A yankin auduga lamarin yana da wani reshe. Kamfanin Sodecoton, mai hedikwata a Garwa, yana bai wa manoma taki da maganin feshi bashi ta hannun ƙungiyoyinsu, kuma manoman ne ke tsaya wa juna: idan ɗaya ya gaza biya, a cire daga kuɗin audugar sauran. Manomin da kuɗin makaranta ya matsa wa har ya sayar da takin da ya karɓa, amfanin gonarsa zai ragu, abokan ƙungiyarsa kuma su ne za su cike giɓin. Ta haka yaudarar da aka yi a wani ofis a birni take zama rigima tsakanin maƙwabta a ƙauye.

Wanda ya je banki ko ƙaramar cibiyar ba da lamuni, nasa ya fi haɗari. A ranar 24 ga Disamban 2019 Kamaru ta yi dokar da ta tanadi hukuncin ɗauri ga wanda ya ƙi biyan bashin banki ko na irin waɗannan cibiyoyi da gangan. Yajin ƙin biya irin na ɗaliban Corinthian, wanda ya zama makami a Amurka, a nan yana iya kai uba gidan yari, mai makarantar kuma yana gidansa. Bankin ba shi da alaƙa da makarantar, kuma babu dokar da ta ce laifinta ya sauke wa mai bashi nauyi.

Ga kuma lissafin biya. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi a Kamaru sefa 60,000 ne a wata a kamfanoni, 45,000 a aikin gona. Wannan ga wanda ya samu aikin albashi ke nan. Yarinyar da ta fito da kwalin da ba a karɓa ba, ko ta zauna a gida, ko ta yi aikin sa-kai a wani ƙaramin asibiti ana ba ta na sabulu. Asarar kuma ba ta tsaya a kanta ba: ƙannenta ne za a ce su haƙura da karatu, kuma duk uban da ke shakkar karatun 'ya mace ya samu abin kafa hujja.

Darasin Kwatano

Hausawan da ke zaune a bakin iyakoki sun san cewa karatu ma yana ƙetare iyaka. Daga Faro zuwa Yola ba nisa, 'yan Cadi sun cika jami'o'in Ngaundere da Marwa, 'yan Najeriya kuma suna zuwa Nijar, Benin da Togo. Abin da ya faru a Najeriya ya nuna yadda gwamnatocin yankin ke yi idan asiri ya tonu.

A ƙarshen Disamban 2023, jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken ɗan jarida Umar Audu, wanda ya samu kwalin digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya yi rajistar bautar ƙasa da shi. A ranar 2 ga Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo. A watan Agusta ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce fiye da mutum 22,000 ne ke riƙe da kwalayen bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i biyar ne kawai a Benin da uku a Togo Najeriya ta amince da su.

Babu shakka akwai waɗanda suka sayi kwali suna sane, kuma waɗannan ba abin tausayi ba ne. Amma akwai wasu da suka tattara kayansu suka tafi, suka zauna a aji shekara uku ko huɗu, iyayensu suna aika kuɗi, suna ganin takardun makarantar suna wucewa a ofisoshin gwamnati ba tare da matsala ba. Hukuncin ya haɗa su duka. Asusun lamunin karatu na NELFUND da Najeriya ta buɗe a watan Mayun 2024 bai shafe su ba, domin na ɗaliban makarantun gwamnati ne na cikin gida. Darasin a fili yake: soke kwali abu ne mai sauƙi ga hukuma, sa hannu ɗaya ya isa. Mayar da kuɗi kuwa babu wanda ya ɗauki alhakinsa.

Abin da doka ta bari a hannun iyaye

Duk da haka ba a ce babu mafita ko kaɗan ba. Tun da ba za a iya neman yafiya daga mai bin bashi ba, abin da ya rage shi ne a bi wanda ya karɓi kuɗin. Dokokin Kamaru sun ba da hanya uku.

Ta farko ita ce ƙarar neman haƙƙi. Sashe na 1116 na kundin dokar farar hula da ake aiki da shi a yankin masu Faransanci ya ce yarjejeniyar da aka ƙulla ta hanyar yaudara ana iya rushe ta, idan ya tabbata cewa ba don yaudarar ba da ɗaya ɓangaren bai shiga ba. Rushe yarjejeniya na nufin a mayar da kuɗi, kuma ana iya neman diyya a kai. Ta biyu ita ce ƙarar laifi: sashe na 318 na kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin shekara biyar zuwa goma a kan zamba cikin aminci da damfara, kuma wanda aka cuta na iya neman kuɗinsa a cikin shari'ar. Ta uku ita ce dokar kare haƙƙin masu saye ta 6 ga Mayun 2011, wadda ta ambaci ilimi a cikin fannonin da ta shafa, ta kuma tanadi kwamitin sasanci a kowace ƙaramar hukuma.

Matsalar ita ce tsada da nisa. Uba daga Poli da zai bi shari'a a Garwa, kuɗin mota da masauki da lauya na iya cinye abin da yake nema. Shi ya sa wanda ya tafi shi kaɗai yakan gaji ya bar wa Allah. A nan ne labarin Corinthian ke da amfani: ƙarfin waɗannan ɗalibai bai zo daga kuɗi ba, daga haɗuwa ya zo. Aji guda da aka yaudara mutum talatin ne ko arba'in. Idan suka haɗa rasit ɗinsu, da takardar tallar da aka ba su, da saƙonnin waya, suka ɗauki lauya ɗaya, suka kai koke a rubuce ga gwamnan jiha da ma'aikatar da abin ya shafa, mai makaranta zai fi son sulhu a kan sunansa ya ɓaci ana dab da sabuwar shekarar karatu. Sharaɗin duk wannan shi ne shaida. Kuɗin da aka miƙa hannu da hannu babu rasit, ko aka tura ta waya zuwa lambar wani ɗan tsakani, da wuya a tabbatar da shi a gaban alƙali.

Nauyin da ke kan hukuma

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamnati ce ke ba da izini, ita ke karɓar kuɗin jarrabawa, ita ke da masu duba makarantu. Uban da ya ga makaranta da babban allo a bakin titi a hedikwatar jiha, tana talla a rediyo shekara da shekaru, yana da haƙƙin ya ɗauka cewa hukuma ta san da ita. Fitar da sanarwa a Yawunde cewa iyaye su yi hattara bai wadatar ba.

Akwai matakan da ba sa buƙatar biliyoyi. Jerin makarantun da aka amince da su, fanni bayan fanni, ya kamata ya isa kowace makarantar sakandare kafin sakamakon BAC ya fito, a manna shi a ofishin ƙaramar hukuma, a karanta shi a gidajen rediyon al'umma da Fulatanci da Hausa da sauran harsunan yankin. Ya kamata a wajabta wa duk mai buɗe makarantar kuɗi ya ajiye wani adadi a banki a matsayin jingina, wanda za a biya ɗalibai da shi idan aka rufe ta ko aka same ta da laifi. Jihohi da dama a Amurka suna da irin wannan asusu, kuma daga aljihun makarantun ake tara shi. Sannan duk lokacin da aka rufe wani fanni, a haɗa umarnin da tsarin mayar da ɗaliban wata makarantar ba tare da sun sake biya daga farko ba. Idan kuma wata rana Kamaru ta kafa lamunin karatu na ƙasa, to tun ranar farko a rubuta a cikin dokar cewa makarantar da ta yi yaudara ita za ta biya. In ba haka ba, kuɗin gwamnati zai zama abincin mayaudara kamar yadda ya faru a Amurka.

Kafin a biya, da bayan an biya

Har zuwa lokacin da za a yi waɗannan gyare-gyare, rigakafi ya fi magani. Kafin kuɗi ya bar hannu, a nemi ganin takardar izinin buɗewa, a duba ko sunan fannin da yaro zai karanta yana ciki. A tambayi wace jarrabawar ƙasa za a zauna, kuma ɗalibai nawa makarantar ta gabatar bara da sunanta. Idan digiri ne, wace jami'ar gwamnati ce za ta sa hannu a kwalin, kuma a je jami'ar a tabbatar. Idan fannin lafiya ne, a tambayi ofishin ma'aikatar lafiya na jiha ko kwalin yana ba da damar rajista da aiki. Idan a wata ƙasa ce, a fara tambayar hukumar ƙasar da yaro zai dawo ya yi aiki, domin ita ce za ta karɓi kwalin ko ta ƙi. A nemi tsohon ɗalibi guda biyu ko uku da suka gama, a ji inda suke. Kuɗin motar zuwa Garwa don yin wannan bincike bai kai kuɗin akuya ba, abin da zai kare kuwa ya fi sa. Malaman sakandare da ƙungiyoyin ɗaliban Faro da ke birane za su iya ɗaukar wa iyayen da ba su yi boko ba wannan aiki.

Ga waɗanda abin ya riga ya faɗa wa, yafiyar da ke kusa da su tana hannun al'umma. Musulunci ya yi umarni a jinkirta wa mai bashin da ke cikin ƙunci, ya kwaɗaitar da yafe masa, ya kuma sa masu bashi cikin waɗanda suka cancanci zakka. Majami'un yankin ma suna da asusun taimakon mabiyansu. Limamai, sarakuna da shugabannin zango na iya zaunar da mai bashi da masu binsa a tsara biya a hankali, kada gona ta salwanta, kada zumunci ya lalace. Yana da muhimmanci kuma a daina ɗora wa yaron laifi, domin kunya ce ke sa iyalai yin shiru, shirun kuma shi ke bai wa makarantar damar sake buga takardun talla a damina mai zuwa.

Amma sassaucin dangi da sadakar masallaci ba su kamata su zama hanyar da mai laifi zai tsira da kuɗin mutane ba. Idan ƙanin uba ya yafe nasa, 'yan adashi suka yi haƙuri, to talakawa ne suka biya wa mayaudari. Har yanzu kuɗin suna wurin wanda ya karɓa, kuma can ya kamata iyaye, lauyoyi da hukuma su nufa.